Tarifa, garin da ake ƙidayar shaho da shirwa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in kaka ta yi, an yanke gero, mukan ga shaho da shirwa sun yawaita bisa gonakinmu. Waɗansu na nan ƙasa ne, amma da yawa baƙi ne daga ƙasashen Turai. Bari in ba ku labarin wata ƙofa da suke bi su shigo Afirka.

Sunan wurin Tarifa. Ƙaramin gari ne a bakin teku, can ƙarshen kudancin ƙasar Espaniya. Ya samo sunansa daga Tarif ɗan Malik, wani jarumin Musulmi da ya sauka nan a shekara ta 710. Gabas da shi akwai dutsen Jibraltar, wato Jabal Tarik. In mutum ya tsaya bisa tuddan Tarifa ranar da babu hazo, yana hangen duwatsun Maroko ƙarara, don inda tekun ya fi ƙunci faɗinsa kilomita 14 ne kawai.

Wannan ƙunci shi ke tara tsuntsaye. Manyan tsuntsaye masu farauta ba su son yawan kaɗa fiffike, yana gajiyar da su. In rana ta dumama ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama kamar guguwa. Sai tsuntsu ya buɗe fikafikansa, ya yi ta kewaya cikinta har ya yi nisa, sa'an nan ya sulale gaba ya nemi wata. Bisa ruwa kuwa irin wannan iska ba ta da ƙarfi. Wanda ya shiga teku mai faɗi yana iya gajiya ya faɗa ciki. Shi ya sa suke taruwa inda ƙetarawa ta fi sauƙi.

Kowane iri da lokacinsa. Shirwa ke fara wucewa, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Daga ƙarshen Agusta sai wani shaho mai tonon gidan zanzaro da rina. A Satumba sai gaggafa mai cin macizai da farin angulu. Manyan angulaye su ne ƙarshe, wajen Oktoba da Nuwamba. Akwai wata iskar gabas mai ƙarfi da mutanen wurin ke kira Lebante. In ta taso, tsuntsaye sukan dakata kwana da kwanaki, ranar da ta lafa kuwa sai su taso gaba ɗaya, sama ta cika.

Tun shekara ta 1997 aka tsara aikin ƙidayarsu, mai suna Migres. Masu aikin sukan hau tuddai kamar Kasalla da Algarrobo tun da hantsi, da madubin hangen nesa da takarda. Wani na kallo yana faɗi, wani na rubutawa: irin tsuntsu, yawansa, ƙarfe nawa, da inda ya dosa. In garke ya yi yawa, sai a ƙirga goma-goma ko ɗari-ɗari. Abin kula shi ne kada a ƙirga tsuntsu sau biyu, don wani yakan shiga teku ya ji tsoro ya komo. Kowace kaka, masu farauta da ke ƙetarawa nan sun wuce 200.000, ban da ƴan uwan shamuwa.

Wani zai ce, ina ruwanmu? Da ruwanmu fa. Bayan teku suna ƙetare Sahara, da yawa su yi rani a ƙasashenmu na Sahel. Abincinsu fara da kusu da macizai, angulu kuma ya kwashe mushe. Ma'aikata ne da ba a biyansu ko dala.

Kuma ƙidaya ce ke nuna in abu yana ƙarewa. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga su daga 1969 zuwa 1973. Da ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan angulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji. Daga cikin abin da ke cinye su akwai gubar da ake sa wa mushe, da sarar manyan itatuwa, da masu kashe su don sayarwa ga ƴan magani.

Don haka, jama'a, kada mu zuba guba a mushe, mu hana yara harbin su da ɗibar ƙwansu. Ku kuma ɗaliban yaƙi da jahilci, ga aikin da za ku gwada hannunku: ku sami kaye, ku zaɓi tudu guda kusa da gari, kowace ranar kasuwa ku rubuta kwanan wata da yawan waɗanda kuka gani. Baɗi ku sake, ku gwama. Abin da aka rubuta ba ya ɓata.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.