Darasin zuciya daga kwaleji zuwa murhu



Aikina koya wa manya karatu. Amma lokacin hutu ƴaƴanku ƴan kwaleji sukan zo wurina da marece, mu bi darussansu. Bana mun daɗe a kan darasin zuciya.

Na ce kowa ya dunƙule hannunsa: girman zuciyarsa ke nan. Suka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, suka ƙirga. Zuciyar babba tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in yana zaune. Kun san zurfin rijiyoyin ƙasar Dakoro. Ko san da ke jan wasaki akan kwance shi ya huta. Zuciya ba ta da mai canjinta.

Babban abin da ke gajiyar da ita shi ne hawan jini, wanda muke kira tansiyo. Sau da yawa ba ya ciwo. Mutum yana nomansa, ran nan sai ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, mu ce iska ce ko sammu. Awo kaɗai ke nuna shi. In awo yana kai 14 da 9 ko ya wuce, ba sau ɗaya ba, to akwai magana.

Yawan gishiri yana ta da shi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Yaran suka yi dariya, don sun san tukunyar gidansu: ga gishiri, ga dunƙulen magi wanda wajen rabinsa gishiri ne, ga kanwa. Kanwa kuwa ƙanwar gishiri ce a cikin jiki.

Nan ne maganar ta yi nauyi. A shekarun 1970, likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata masu jego da yawa waɗanda zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa. Sun danganta abin da yawan kunun kanwa da tsananin zafin da ake gasa mai jego da shi. Ban raina kulawar iyayenmu mata ba, ƙauna ce. Amma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ƙara mata kanwa. A kai ta likita ran nan.

Wata yarinya ta ce: "Malam, in na ce wa inna ta rage kanwa, sai ta ce yaushe aka haife ni."

Gaskiyarta. Yaro ke da littafi, amma ludayi yana hannun uwa, kuɗin cefane kuma yana aljihun uba. Shi ya sa na rubuto muku, ku da kuka fara karatu da girmanku. In ƴarki ta kawo wannan magana, ba rashin kunya ba ce. Ki rage gishiri kaɗan-kaɗan, ki ƙara daddawa da albasa, baki zai saba. Malam mai gida, taba ma tana cin zuciya.

Ran da kuka je likita, ko rakiya ce, ku ce a auna muku tansiyo. Ba allura, ba ɗibar jini. Ɗamara ce ake ɗaura wa dantse, a hura ta, a karanta lamba. Ku rubuta lambar da hannunku, ku adana takardar.