Malibu ce, ba SS ba: zare kan tsohuwar motata ta 1970

1/
Jama'a, tambayoyi kan koriyar motar da na ɗora jiya sun yi yawa. Wani har cewa ya yi ko baƙar nan ta Dom ta Fast & Furious ce na sake wa fenti 😂 A'a, waccan Dodge Charger ce. Tawa Chevrolet Chevelle Malibu ce, ƙirar 1970. Shekara uku na yi ina aikinta a garejin gidana a nan Michigan. Ku gyara zama, zaren na da tsawo 🧵

2/
Irin waɗannan motoci Amurkawa ke kira muscle car, ni kuwa na ce mota mai ƙwanji. Dabarar ba ta da wuya: a ɗauko ƙaton inji V8 na babbar mota, a cusa shi a bodi matsakaici, a sayar a kuɗin da saurayi mai albashi zai iya biya. Pontiac GTO ta 1964 ce akasari ake cewa ta buɗe ƙofa, sauran kamfanoni suka biyo.

3/
A 1970 abin ya kai ƙololuwa. A shekarar ce GM ta janye dokarta da ta hana sa wa matsakaitan motoci manyan injuna sosai. Sai ga Chevelle SS 454, inji lita 7.4, wanda samfurinsa na LS6 ke da ƙarfin doki 450. Bayan nan kuɗin inshora ya hau, dokokin hayaƙi suka tsananta, matsalar man fetur ta 1973 ta ƙarasa zancen.

4/
Tawa ba waccan dodanniyar ba ce. Ƙanwarta ce mai kunya: bodi iri ɗaya, amma inji 350, wato lita 5.7. A rumbun wani manomi na same ta, tayoyi sun zauna, ɓeraye sun yi gida a kushin. Daga nesa kyakkyawa. Da na leƙa ƙarƙashinta da tocila, sai na ga hasken yana fitowa ta ƙasan kujerar direba.

5/
A jihohin nan gishiri ake watsa wa titi lokacin dusar ƙanƙara, shi ke cinye ƙarfe. A Chevelle tsatsa na da maɓoya: ƙasan but, inda ake taka ƙafa, gindin gilashin baya, da bayan tayoyin baya. In za ka duba tsohuwar mota, tafi da mayen ƙarfe. Duk inda ya ƙi kamawa, fila aka cika, aka shafe da fenti.

6/
Sa'ar da aka yi, bodin Chevelle a kan shasi yake zaune, ƙusoshi ne suka riƙe shi. Muka kwance, muka ɗaga bodin gefe, shasi gefe. Aka kankare shasin har ƙarfe ya fito fari, aka yi masa fenti, duk robobin ƙafa aka sa sabbi. Kowane ƙusa na sa shi a leda na rubuta inda ya fito. Ledojin sun cika kwali huɗu.

7/
Sai walda. Nan ne mutane da yawa ke gajiya su sayar da motar a warwatse. Ka yanke ruɓaɓɓen wuri, ka auna sabon kwano, ka ɗiga walda nan, ka tsallaka can, ka jira ya huce. In ka ja ta a miƙe, zafi ya lanƙwasa kwanon, aikin sati ya lalace. Fiye da shekara na yi a haka, babu hoton da ya isa a ɗora.

8/
Da aka zo haɗawa, na tarar masu harkar nan gida biyu ne. Akwai masu cewa komai ya koma yadda ya fito daga masana'anta, har lambar da ke jikin inji ta dace da ta mota. Akwai masu cewa bar bodin kawai, cikin duk a zuba na zamani. Kowane ɓangare na ganin ɗayan ya ɓata. Wallahi kamar musun ƙwallo.

9/
Ni abin da ya raba min gardama: 'ya'yana mata biyu za su shiga motar nan. Duk abin da ya shafi rai na canza shi ba tare da neman izinin kowa ba. Na farko birki. Da mai shu ta zo a ƙafa huɗu, irin wanda in ya ɗau zafi sai ka taka ka ji kamar soso. Gaba yanzu diski ne.

10/
Bel ɗin kujera na sa irin na yau mai ja da kansa. Wayoyin wuta duk na fitar, don robarsu ta bushe tana farfashewa, gobara ce ke jiran rana. Tiyon mai ma sabo, saboda yawancin fetur ɗin Amurka na da ethanol kashi 10, shi kuwa cin tsohuwar roba yake. Lagireto na sa na alminiyam.

11/
Giya ma na taɓa. Ta asali atomatik ce mai hawa uku, in ka hau babban titi inji ya yi ta kururuwa yana shan mai kamar an huda tanki. Na sa mai hawa huɗu, 200-4R, ita ma ta GM ce ta shekarun 1980. Ba wanda zai gani daga waje, aljihuna ne kawai ya san bambanci.

12/
Amma injin na bar shi. An ba ni shawarar in sa na zamani irin LS, mai kwamfuta, ka murza makulli ya tashi ko ana sanyin mutuwa. Na ƙi. Na sauke 350 ɗin, aka yi masa fistin da ringi, na wanke kafireta. Sai da man inji mai sinadarin zinc yake so, da safe kuma sai an lallashe shi. Wannan gurnanin nasa shi na biya.

13/
Kuma duk abin da na cire yana nan. Tsohon birki, tsohuwar giya, har rediyon da ba ya kama komai, suna kan kanta da takarda a jiki. In wata rana motar ta koma hannun mai son asali, sufana kawai yake buƙata. Ban yanke wani abu da ba zai mayu ba.

14/
To yanzu ga ainihin abin da ya sa na yi zaren nan. A 1970, SS ba mota ce daban ba. Ƙari ne ake biya a ɗora wa Malibu: babban inji, birki diski, ƙafa mai ƙarfi, dashbod mai zagayayyun agogo, da tambari. Lambar motar, wato VIN, ba ta nuna ko SS ce ko a'a. Kun fara ganin inda matsalar take?

15/
Yau tambarin SS, bonet mai tudu, layukan nan biyu na sama, duk ana ƙera sabbi, ka yi oda a intanet su iso ƙofar gida. Ka nemo babban inji ka jefa. Shi ke nan, Malibu ta zama "SS", farashi ya yi tsalle. Shi ya sa masu harkar ke raha cewa SS ɗin da ke yawo yanzu sun fi waɗanda aka ƙera yawa.

16/
Babbar shaida ita ce takardar haɗi da ma'aikata kan cusa a jikin mota ranar da ake ƙera ta: cikin wayoyin kushin, ƙarƙashin kafet, ko saman tankin mai. Tawa a kujerar baya na same ta, ta yi ja, ɓera ya ci gefe. Abin da ta ce a fili yake: Malibu, inji 350. A 1970 kuwa babu SS mai 350.

17/
Ana gab da fenti wani dillali ya zo ya zagaya motar. Ya ce bodin ya yi kyau, in sa babban inji da tambari, takardar nan kuma "ta ɓata", shi zai kawo mai saye. Lokacin kuɗin fenti ma ban haɗa ba, ga haya, ga kuɗin makarantar ƙannena a gida. Kuɗin da ya ambata ya isa ya share duka.

18/
Na ce masa a'a. Ba wai yin kwaikwayon SS laifi ba ne. Mutane na yi, su faɗa ƙarara cewa kwaikwayo ce, ba wanda aka cuta. Amma shi ɓatan takarda yake so, wannan kuwa sunansa algus. Kuma mota ta fi mai ita tsawon rai. Ko ni na faɗi gaskiya, na uku da zai saya fa? Wani ne zai zuba ajiyarsa ta shekaru a kan ƙarya.

19/
Akwai wani dattijo maƙwabcina da ya yi ritaya daga masana'antar mota, shi ke riƙe min fitila in ina ƙarƙashi. Ya ce min a zamaninsu yawancin Chevelle da ke unguwa ba SS ba ne. Na malaman makaranta ne, da nas-nas, da ma'aikata irinsa. In kowa ya manna tambari, motar talakawan ce za ta ɓace, a bar tarihi da ƙarya.

20/
Mu ma ai mun san ciwon. Wa bai san wanda ya sayi tokunbo aka mayar mata da mita baya ba? Ko wadda ta yi hatsari aka cika ta da fila, sai bayan damina ɗaya fenti ya fara kumbura? Mai sayarwa ya ci riba sau ɗaya, mai saye ya yi shekaru yana biya. Ban ga dalilin da zai sa in zo ƙasar wasu in zama wancan mutumin ba.

21/
Fentin sai da ya jira wata bakwai kafin kuɗi su taru. Kore mai duhu, babu layi, tambarin Malibu na asali na goge na mayar. A watan Agusta na kai ta Woodward Dream Cruise, taron tsofaffin motoci da ake yi a titin Woodward kusa da Detroit. SS kam ba a magana, ko'ina. Malibu da ta yarda ita Malibu ce, ɗai-ɗai.

22/
Masu cewa suna sha'awa: ba sai Chevelle ba. Peugeot 504 ɗin da aka haɗa a Kaduna, wadda ke kwance a bayan gidan kakanku kaji na ƙwai a ciki, ita ma ta cancanta. Ka fara da ƙasa kafin fenti, birki kafin sauti, ka adana duk takardar da ka samu. Ka yi mata kwalliyar da ranka ke so, kawai kar ka sa ta faɗi abin da ba ita ba.

23/
Saura rufin ciki da na'urar ɗumama mota, don sanyin Michigan ba ya wasa. Takardar haɗin kuwa na sa ta a leda mai kauri tana cikin akwatin dashbod, duk wanda ya gaji motar ya gaje ta da ita. Masu neman sautin inji, bidiyo na tafe ranar Asabar in sha Allah. Ku sa abin kunne 🔊