Takardar Ƙosai

A tsakiyar Disamba 2020 sanarwar ta fito daga ma'aikatar sadarwa, lokacin Isa Ali Pantami ne minista: duk wanda bai haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba cikin mako biyu, za a toshe layin. Daga baya an yi ta ƙara wa'adi, amma a ranar babu wanda ya yi barci da wannan tunanin. Baba tsohon malamin firamare ne, kuma bai taɓa sauya layi ba tun da ya riƙe waya. Da dare ya aika aka kira ni.

"Gobe ka kai ni," ya ce. "Ta layin nan ake sanar da ni rasuwa."

Kwana uku muna sammako daga masallacin asuba zuwa wurin rajistar NIN, hunturu na kaɗawa, mu tarar an riga an cika takardar rubuta suna. Zamanin korona ne, ana ta cewa a ba da tazara, ga mutane kafaɗa da kafaɗa har bakin titi. A rana ta uku wani ya nuna mana wani ɗan shago a tsallake, inda ake cike wa mutane fom a yi musu kwafi idan sun biya. Yaron shagon ya tambayi Baba sunansa, ranar haihuwa, ƙauyensu, sunan mahaifi da na mahaifiya, magajinsa, lambar waya. Sannan ya ce a kawo lambar banki ta BVN ma, wai aiki ya fi sauri. Baba ya zaro ɗan littafinsa daga aljihun 'yar ciki, ya karanto lambobi goma sha ɗayan nan a hankali, kamar yana ba ɗalibai shifta. Ina tsaye a gefensa, hankalina na kan layin da muka baro, ban ce uffan ba. Wannan shirun har yau yana ci mini rai.

Da aka zo ɗaukar zanen yatsu goma na'ura ta ƙi karɓar nasa, sanyi ya farfasa su. Sai da ya goga su a goshi sau da yawa. Mun dawo gida yana murna.

Da azumin 2021 na tsaya sayen ƙosan buɗa-baki a bakin layinmu. Ina warware ƙunshin a gida sai na ga fuskar wata mata, mai ya jiƙe rabin hoton. Kwafin fom ne irin wanda aka cike wa Baba: sunanta, na iyayenta, unguwarsu, lambar wayarta, duk ga su ɓaro-ɓaro. Na koma wurin mai ƙosan. A ƙarƙashin bencinta akwai dami guda, ta ɗora masa dutse kada iska ta kwashe.

"Iya, ina kika samo waɗannan?"

"Yara ke sayo mini a shagunan masu kwamfuta, a kilo suke sayarwa. Ɗana, ai takarda ce."

Ba ta da laifi ko kaɗan. Na saye damin, na bi shi ɗaya bayan ɗaya ina neman sunan Baba, ban gani ba, na ƙone su a bayan gida. Dami ɗaya ke nan, a layi ɗaya.

Bayan Sallah aka kira Baba. Mutumin ya yi sallama, ya gaishe shi da ladabi, da Hausa tsantsa, yana ta "ranka ya daɗe, Malam". Ya ce daga banki ne, an ga BVN ɗinsa bai dace da NIN ba, idan ba a gyara yau ba fansho ba zai ƙara shiga ba. Ya faɗi ranar haihuwar Baba, ya faɗi ƙauyensu. Ya nemi lambobin jikin katin cirar kuɗi, sannan ya ce wani saƙo zai shigo mai lambobi shida, a karanto masa. Saƙon nan shi ne mukullin ƙarshe, banki na turo shi ne don ya tabbatar mai asusu ne da kansa ke fitar da kuɗi. Duk sauran bayanan ɓarawon ya tanada ne don a yarda da shi a miƙa masa wannan. Kafin la'asar fanshon wata uku ya fita.

Sai da ya kwana huɗu kafin ya gaya mini, kunya ta hana shi. Da na fara cewa ai banki ba ya neman irin wannan ta waya, sai ya ɗaga mini hannu.

"Ya kira sunan mahaifiyata, cikakke. Kai ka taɓa jin na faɗe shi?"

Ban taɓa ji ba. Mu da Inna muka san ta, shi kuwa bakinsa bai iya furta sunan. A shagon nan ma rubuta wa yaron ya yi a gefen takarda.

A banki an karɓe mu da mutunci, aka ba mu takardar koke, aka ce kuɗin sun bi ta asusu da yawa an cire su. Ma'aikacin ya ce, "Baba, ai kai ka ba shi lambar." Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Dattijon da aka tilasta wa miƙa sirrinsa a bakin titi, cikin turmutsutsu da barazanar toshe layi, ba a taɓa zaunar da shi an ce masa ga wanda ake faɗa ga wanda ba a faɗa ba. An sauya masa kati a ranar. Ranar haihuwa da sunan uwa kuwa ba a sauya su, suna nan a hannun wanda ya samu.

An ce mana don tsaro aka tilasta haɗa layi da NIN. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira, amma masu garkuwa da mutane ba su daina buga waya suna cinikin kuɗin fansa ba. Dokar kare bayanan jama'a sai a Yunin 2023 aka sa mata hannu, bayan an gama tattara namu.

Tun da aka yi masa wannan damfarar Baba ba ya ɗaga kiran lambar da bai sani ba. Bara wata baƙuwar lamba ta kira shi sau uku da sassafe, yana kallon wayar a kan tabarma har ta katse. Ɗan amininsa ne na makarantar horon malamai, yana so ya gaya masa za a yi jana'iza ƙarfe goma. Sai da magariba labari ya iso mana, washegari na kai shi ta'aziyya.