Malamin Birchi da Raƙuman Dawa

A garin Birchi, tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, akwai wani malamin makaranta mai son dabbobin daji ƙwarai. Wata rana ya ji labari a rediyo cewa an kai raƙuman dawa gandun dajin Gadabeji, a jihar Maraɗi ta ƙasar Nijar. Nan da nan ya ƙudura a ransa zai kai almajiransa su gani, su kuma yi aikin taimako.

Raƙumin dawa shi ne mafi tsawo cikin dukan dabbobin ƙasa, gama namiji yakan kai mita 5. A dā suna da yawa a Afirka ta Yamma, amma fari da maharba da saran itatuwa suka kusa ƙarar da su. A shekarar 1996 guda 49 kaɗai suka rage, dukansu kuwa a wajen Kure, kusa da Yamai. Aka tashi tsaye aka kiyaye su, har suka haura 600. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2018 aka ɗebi 8 a mota, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya ba.

Da hutun ƙarshen wannan shekara ya zo, Malam ya zaɓi samari 12. Samun mota da takardu bai ba shi wuya kamar samun yardar iyaye ba. Uban ƙaraminsu ya daɗe yana shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ga amana nan. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka komo mini da shi."

Suka bi ta Katsina da Jibiya, suka ƙetare iyaka, suka kwana Maraɗi. Kashegari suka wuce Dakoro, suka isa. Duk inda aka tsaya, sai Malam ya jera su ya ƙirga, har yaran suka riƙa yi masa dariya a ɓoye.

Aikin da masu gadin daji suka ba su ba na wasa ba ne. Bayan damina ciyawa takan bushe ƙamas, ƙyastun ashana ɗaya ya isa ya cinye abincin dabbobin daji da na shanun makiyaya. Don haka akan share hanya mai faɗi a cikin ciyawa, yadda in wuta ta zo ba za ta sami abin ci ba, sai ta mutu. Yaran suka kama fartanya da manjagara tun da asuba. Hannuwansu suka yi kanta, amma raƙumin dawa ko ƙeyarsa ba su gani ba. Dabba 8 a cikin daji mai faɗin haka, ai sai mai rabo.

A rana ta uku hazo ya sauko. Da la'asar Malam ya ƙirga, sai ya sami 11. Ya sake ƙirgawa. Babu ƙaraminsu.

Sauran suka zabura za su bazu cikin daji nemansa. Malam ya daka musu tsawa, ya ce, "Kowa ya zauna! Ɗaya ya ɓata, ba zan bari ya zama biyar ba." Ya tara su a gindin wata aduwa, ya sa babbansu ya tsare su. Shi kuwa, da wani mai gadi, da wani Bafulatani makiyayi wanda ya iya bin sawu, suka shiga daji. Malam bai ce uffan ba a hanya. Maganar uban yaron kaɗai ke yi masa yawo a kunne.

Makiyayin ya nuna musu sawun takalmi a kan wani babban sawu mai kofato biyu. Suka bi. Gab da magariba suka tarar da yaron zaune a gindin wata ƙaya, gorarsa babu ruwa, ya rasa gabas da yamma. Da ya ga Malam sai ya fashe da kuka, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi laifi. Amma na gan su, guda biyu, suna cin ganye a ƙolin itace."

Malam bai buge shi ba. Ya ba shi ruwa, ya ce daga yau aikin ƙirga ya koma hannunsa, safe da yamma. Kashegari masu gadi suka bi wannan sawu da dukan yaran, suka gan su daga nesa.

Da suka komo Birchi, Malam bai shiga gidansa ba sai da ya je wurin uban yaron, ya gaya masa dukan abin da ya faru, bai rage kome ba. Tsohon ya yi shiru, ya dubi ɗansa, sa'an nan ya ce, "To, da gaske sun fi raƙumin gida tsawo?"