Ranar da Na Mayar da Kifina Ruwa

Ni a gindin Dutsen Zuma na tashi, ruwan da na sani bai wuce na rijiya ba. A kakar bara, bayan ɗaukewar damina, ni da abokaina biyu muka haɗa kuɗi muka tafi madatsar ruwa ta Shiroro da ke kan Kogin Kaduna, muka ɗauki hayar kwale-kwalen wani dattijo masunci.

Na tafi da fatsa da kifin roba mai ƙugiya da na saya a Abuja, irin wanda Turawa ke su da shi a bakin teku maimakon tana. Dattijon ya jujjuya shi ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, giwan ruwa mafarauci ne, abin da ke motsi yake bi. Kai za ka ba robar nan rai." Ya koya mini in jefa, in bari ta nutse, in ja a hankali kamar ƙaramin kifi mai rauni.

Sai bayan la'asar na ji an fizgi zaren. Ɗan giwan ruwa ne, da kaɗan ya wuce tafin hannuna. Ina cikin murna dattijon ya ce, "Mayar da shi."

Na ce, "Baba, kuɗin motar da na kashe fa?"

Ya ce, "In ya girma zai iya fin ka nauyi. Masu raga mai ƙananan ido sun kwashe 'yan'uwansa, kada ka ƙara mana."

Na sake shi raina a ɓace, muka koma Suleja hannu rabbana, abokaina na yi mini tsiya. Sai daga baya na gane: ni yawo na je, shi kuwa abincin jikokinsa yake gadi.