Furen Da Ke Rakiyar Mamaci

Kowace al'umma tana da abin da take riƙewa a hannu in za ta gidan mutuwa. A ƙasarmu mutum yakan tafi da addu'a a bakinsa, wani ya haɗa da ɗan hatsi ko kuɗi don a yi sadaka. Ni dai ban taɓa ganin Bahaushe ya tsinko fure ya nufi wurin jana'iza ba. Amma akwai mutanen da ke yin haka, kuma na ga ya kamata mu san dalilinsu, gama kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Mutanen nan su ne mabiya addinin Sikh, waɗanda za mu kira Sikawa don sauƙi. Asalinsu lardin Punjab ne, wanda aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a cikin shekara ta 1947. Ana gane mazansu da rawani da gemu. Wanda ya kafa addinin shi ne Guru Nanak, an haife shi a 1469. Guru, a bakinsu, watau malami mai nuna hanya. Sun yi Guru goma, bi da bi. Na goman, kafin ya rasu a 1708, ya ce daga kansa babu sauran wani Guru sai littafinsu, wanda suke kira Guru Granth Sahib, mai shafi 1430.

To, wannan littafi shi ya fi kowa samun fure. A ɗakin ibadarsu, wanda suke kira gurdwara, akan ɗora shi bisa wani ɗan gado a ƙarƙashin rumfa, a lulluɓe shi da kyawawan tufafi, a jera furanni a gabansa. Babban ɗakin ibadarsu yana birnin Amritsar, a tsakiyar wani tafki, an lulluɓe samansa da zinariya. Kullum kafin asuba akan ɗauko littafin a kafaɗa cikin wani gado mai rumfa da aka ƙawata da furanni, a kai shi can ana waƙoƙin yabo. Furen da suka fi amfani da shi suna kiransa genda, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan goro. Akan shirya shi a zare kamar dutsen wuya, a haɗa da wardi da yasmin. Ran ɗaurin aure ma, ango da amarya sukan kewaya littafin sau huɗu, a waɗansu gidaje dangi su watsa musu fure.

Sai kuma ranar mutuwa. Akan wanke mamaci, a sa masa tufafi masu tsabta, tare da alamun addininsa guda biyar in ya riƙe su yana da rai: gashin da ba a askewa, da mataji, da munduwar ƙarfe, da gajeren wando, da ɗan takobi. Sa'an nan dangi da abokai su ɗora furanni bisa makara. Fari ya fi yawa, don a ƙasar Indiya fari shi ne launin makoki. Sikawan da suka zauna Ingila sukan sa masu sayar da fure su shirya musu shi da siffar tambarin addininsu, mai takubba. Su ba su binnewa kamar mu, ƙonawa suke yi, a zuba tokar a ruwa mai gudu. Da yawa sukan kai ta garin Kiratpur, bakin kogin Satluj.

Abin da ya ja hankalina shi ne, ƙa'idar addininsu da shugabanninsu suka amince da ita a 1945 ta hana a gina wa mamaci hubbare ko wata alama ta tunawa. Ta kuma hana kururuwa da bugun ƙirji. Ashe ke nan furen da aka ɗora a makara shi ne iyakar adon da mutum zai samu, attajiri ne ko matalauci. Ya yi ƙanshi da safe, kafin la'asar ya tafi tare da mai shi. A ganina, ba abin da ya fi fure dacewa da wannan aiki, gama shi kansa wa'azi ne a kan ƙarancin kwana.

Suna da wani labari da suke bayarwa game da rasuwar Guru Nanak a garin Kartarpur a 1539. Wai almajiransa sun rabu biyu: Hindu suna so su ƙona shi, Musulmi suna so su binne shi. Ya ce Hindu su ajiye furanni a damansa, Musulmi a hagunsa, waɗanda nasu ya kwana bai yi yaushi ba su ke da gawa. Da gari ya waye aka yaye mayafi, ba a tarar da kome ba sai furanni, na kowa kuma ɗanye shar. Waɗannan suka ƙona nasu, waɗancan suka binne nasu, rigima ta mutu. Wannan labarinsu ne, ba na ce mai karatu ya gaskata ba. Amma a lura da abin da suke koya wa 'ya'yansu da shi: kada gawa ta zama sanadin gaba tsakanin maƙwabta.

Duk da haka Sikawa ba su ɗauki fure a bakin wani abu da zai amfani mamaci ba. A cikin littafinsu ma akwai waƙoƙin da ke zargin mai tsinko abu mai rai ya kai wa gunkin dutse. Abin da suka fi ba ƙarfi shi ne karatu da ciyarwa. Bayan rasuwa akan sauke littafin duka, yawanci cikin kwana goma, a rufe da addu'a, a raba wani abin zaƙi na garin alkama da man shanu da sukari. Sa'an nan kowa ya zauna a ƙasa, sahu sahu, a ci abinci kyauta, ba a tambayar baƙo addininsa. Shi ya sa waɗansu iyalai sukan roƙi masu gaisuwa su ba da kuɗin furen a dafa abincin jama'a. A nan sai na tuna da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, na ga ashe nisan bai kai yadda ake zato ba.

Duniya ta zama ta tafiya, ya ɗan'uwa, watakila wata rana neman ilmi ko fatauci ya haɗa ka da Basike, a yi masa rasuwa. Je ka yi masa gaisuwa. Tuɓe takalmi a ƙofar gurdwara, rufe kanka, kada ka shiga da taba ko da a aljihu. In ka riƙe fure, fari ya isa. In ba ka riƙe ba, zuwanka ya wadatar, gama alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.