Tsatsa a Jikin Tsohuwar A-kori-kura

Tsatsa kan fara bayyana a jikin tsohuwar a-kori-kura kamar ɗan ƙurji a ƙarƙashin fenti, galibi a saman taya ko ƙasan ƙofa, inda laka da ruwan damina ke kwanciya. Haka take cin tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Ƙarfe da ruwa da iska ne ke haɗuwa su haife ta, kuma abin da ido ya gani kaɗan ne daga ɓarnar da ke ciki. Sabon shiga yakan so ya shafa fila ya rufe wurin, amma tsatsar da aka binne tana dawowa. Sai an goge har farin ƙarfe ya fito, a yanke ruɓaɓɓen wurin, a auna faci mai kauri ɗaya da jikin motar. Walda kuwa ɗigo-ɗigo ake yinta, ana barin ƙarfen ya huce, domin zafi mai yawa yana lanƙwasa shi. Mai koyo yakan daɗe a nan, yana tunanin shekarun da motar ta yi tana ɗaukar hatsi da mutane, lalacewa na tafiya a hankali ba wanda ya lura. Gyaran ma a hankali yake tafiya. Daga ƙarshe a shafa fentin kariya ciki da waje, a buɗe hudojin da ruwa ke fita.